Wane sirdi ya dace da doguwar tafiya a keken tsere?

Tambaya: Na sayi keken tsere na gwanjo wata 4 da suka wuce. Duk Asabar muna fita da abokai daga Kano zuwa Wudil mu dawo. Awa ta farko lafiya lau, daga nan sai mazaunaina su ɗauki zafi, kafin mu iso gida kuma gabana ya sage kamar ba a jikina yake ba. Na ɗaura wa sirdin rigar nan mai jel, abin sai ƙaruwa ya yi. Yanzu ina tunanin in cire shi in sa babban sirdi mai laushi irin na keken gida. Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Malam, kada ka sayi babban sirdin nan, rigar jel ɗin kuma ka kwance ta tun yau. Na san maganar za ta yi maka banbaraƙwai, don duk wanda wuri ya yi wa tauri laushi yake nema. Ni ma haka na yi a shekarata ta farko a kan keken tsere. Soson tsohuwar kujera na yanka, na ɗaure shi a kan sirdi da robar tsohon tub, na dawo gida ina tafiya a bubbuɗe kamar ɗan shayi.

Abu biyu ka faɗa a tambayarka, kuma ba danginsu ɗaya ba. Zafin mazaunai, irin wanda idan ka danna ƙashin washegari kake ji kamar an buge ka, yawanci na rashin sabo ne. Wanda yake hawa sau ɗaya a mako, ya kwashe awa 3 ko 4 a zama guda, kullum baƙo ne a wurin sirdinsa. Ka ƙara fita biyu a tsakiyar mako, ko ta minti 40 ce bayan sallar Asuba, cikin mako 3 za ka ji bambanci. Sagewar gaba kuwa ba a sabawa da ita, kuma duk wanda ya ce maka ka daure za ta wuce bai san abin da yake faɗa ba.

Ga abin da ke faruwa. Ka sami benci na katako ka zauna a miƙe, ka cusa tafin hannunka ƙarƙashinka. Za ka ji ƙasusuwa biyu masu ɗan tsini, ɗaya dama ɗaya hagu. Su ne aka halitta don ɗaukar nauyinka idan kana zaune. A tsakaninsu, daga dubura zuwa gaba, nama ne mai taushi, kuma ta nan jijiyoyin jini da jijiyar da ke kai ji zuwa al'aura suke bi. Aikin sirdi ɗaya ne: ya tallafe ƙasusuwan nan biyu, ya ƙyale tsakiyar. To idan ka ɗora soso mai kauri ko jel, ƙasusuwan sai su nutse a ciki, soson da ke tsakiya ya taso ya danne daidai wurin da ba a so a taɓa. Shi ya sa rigar ta ƙara maka ciwo. A minti 10 na farko daɗi take yi, a awa ta biyu ita ce ke shaƙe ka.

Babban sirdi kuma yana da nasa laifin. Mai keken tsere yana juya feda sau 80 zuwa 90 a minti. A awa 3, kowace cinya ta sauka ta hau kusan sau 15,000. Idan gefen sirdin yana taɓa ta ko kaɗan, ka lissafa gugar da fatarka za ta sha cikin zufa. Sirdin Rali na iyayenmu, mai faɗi da sifirin a ƙasa, ba shi da aibi a mazauninsa: mai Rali a miƙe yake zaune kamar mai sauraron karatu, nauyinsa duka a bayan ƙugu, yana taka feda a hankali. Kai kuwa a sunkuye kake. Ƙashin ƙugu daga baya yake da faɗi, yana matsewa yayin da ya nufo gaba, saboda haka iyakar sunkuyawarka iyakar ƙanƙantar wurin da kake zama a kai. Faɗin sirdi yana bin zaman mai shi ne, ba girman jikinsa ba. Na ga ƙato mai kilo 100 da siririn sirdi ya yi wa daidai, na ga ɗan firit da sai mai faɗi.

Game da sagewar, ba na so in tsorata ka, ba na kuma so ka yi mata riƙon sakainar kashi. A 1997 likitoci a Norwe sun bi diddigin maza 160 da suka yi tseren kilomita 540 daga Trondheim zuwa Oslo. Kusan kashi 22 cikin 100 sun sami sagewa, kashi 13 kuma sun sami raunin gaba, wasu na fiye da mako guda. A 2018 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco sun kwatanta maza kusan 4,000, masu keke da masu ninkaya da masu gudu, ba su ga masu keke sun fi sauran matsalar mazakuta ba. Amma sun ga abu biyu da za su yi maka amfani: masu yawan miƙewa a kan feda sun fi tsira daga sagewa, haka ma waɗanda hannun kekensu yake daidai da sirdi ko ya ɗara shi tsayi. Wato ba keken ne abin gudu ba, dannewar ce, kuma ana iya cire ta.

Yanzu ka mayar da kuɗinka aljihu tukuna. A cikin mutanen da ke kawo mini kuka irin naka, da yawa sirdinsu lafiyarsa ƙalau, ɗaurin ne ba daidai ba. Keken gwanjo yana zuwa ne da awon mai shi na farko, wani Bature da ba ka san tsayinsa ba, sannan wanda ya haɗa shi a kasuwa ya ɗaure noti inda hannunsa ya tsaya.

Fara da tsayi, don shi ne babban mai laifi. Ka jingina da bango ba takalmi, ka matse littafi mai kauri a tsakanin cinyoyinka, ka tura shi sama yadda sirdi zai tokare ka, wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Abin da aka samu ka ninka shi da 0.883. Idan santimita 82 ne, za ka sami kusan 72.4. Wannan shi ne nisan da ke tsakanin cibiyar da ƙafafun feda suke juyawa a kai da saman sirdi. Lissafin da aka fi danganta shi da Greg LeMond, tsohon zakaran tseren keke ɗan Amurka, ke nan, kuma wurin farawa ne kawai. Gwajin da na fi yarda da shi: ka sa abokinka ya bi ka a baya ya kalli ƙugunka. Idan yana rangaji dama da hagu kamar kana miƙa ƙafa don ka cimma feda, sirdin ya yi sama. Kowane rangaji guga ce, kuma yana jan ka ka gangaro gaba kan siririn hancin. Sauke shi milimita 5, ka sake gwadawa. Samari suna son ɗaga sirdi don keken ya yi kama da na 'yan gasa a hoto, su ne kuma suka fi zuwa da kuka.

Sai karkata. Ka tsayar da keken a daɓe mai daidai, ka ɗora katako a kan sirdin, ka ɗora wayarka a kai da manhajar auna karkata, ko ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa. Fara da shi a kwance sak. Idan hancin ya ɗaga sama ko da digiri 2 ne, ga dalilin sagewarka nan. Idan a kwance yake amma har yanzu kana jin tokari, sunkuyar da hancin digiri 1 ko 2. Kada ka zarce, don idan ya sunkuya da yawa za ka riƙa zamewa gaba, hannuwanka su koma birki, wuya da kafaɗu su karɓi ciwon. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta daɗe tana tilasta wa 'yan gasa sirdi kusan a kwance, sai a 2016 ta sassauta zuwa digiri 9, kuma raunukan da 'yan tsere mata na Birtaniya suke samu suna cikin abin da ya jawo sassaucin. Amma kai ba ka buƙatar ko rabin wannan.

Na uku, nisan hannun keke. Idan firam ɗin ya yi maka tsawo, ko hannun ya yi ƙasa sosai, dole ka miƙe kamar mai ɗauko abu a bayan kanta, ƙugunka ya kife gaba, nauyi ya bar ƙashi ya koma kan nama. A nan ko sirdin zinariya ka saya ba zai yi magani ba. Sa gajeren ƙarfen nan da ke riƙe hannun keke, ko ɗaga hannun santimita 1 ko 2, ya fi sabon sirdi araha. Abin da ba na so ka yi shi ne tura sirdi gaba don ka kusanci hannun. Gwiwarka ce za ta biya.

Kowane gyara ka yi shi ɗaya bayan ɗaya, ka naɗa salatif a ƙarfen sirdin don ka san inda ka taso. Ka riƙa tafiya da alanki a aljihu. Ba abin kunya ba ne: Eddy Merckx, wanda ya ci Tour de France, babbar gasar zagayen Faransa, sau 5, tun bayan faɗuwar da ya yi a Blois a 1969 ya shahara da taɓa tsayin sirdinsa, wani lokaci a tsakiyar tsere.

Idan ka yi duk wannan na mako 2 ko 3 abin bai sake ba, to lokacin sayen ya yi, kuma da awo za ka je kasuwa, ba da ido ba. Nemi kwalin katon mai kauri, irin na taliya ko na sabulu, wanda yake da ramuka a cikinsa. Ɗora shi a kan matakalar siminti, ka zauna da siririn wando, ka ɗora ƙafafunka a kan wani abu yadda gwiwoyi za su ɗan ɗaga, ka ɗan sunkuya, ka danna nauyinka na rabin minti. Da ka tashi za ka ga lotsawa biyu kamar an danna ƙwai. Idan ba su fito sosai ba, goga alli ko gawayi a kwance a kai, ramukan ne kawai ba za su ɗauki launin ba. Sa ɗigo a tsakiyar kowanne, ka auna tsakaninsu da rula. Yawancin maza suna faɗawa tsakanin milimita 100 da 140, mata kuma sukan ɗan ɗara haka. Ga mai zaman keken tsere na tsaka-tsaki, ka ƙara kamar milimita 20 zuwa 25 a kai. Wanda ya sami 120, sirdi mai faɗin 143 ne nasa. Wanda ya sami 133, ya nemi 155. Lambobin da za ka fi gani ke nan a kasuwa: 130 da ɗoriya, 143, 155, 168, kuma sau da yawa a rubuce suke a ƙarƙashin sirdin. Tsofaffin kekunan tsere da ake kawo mana da dama suna zuwa da mai 130, wanda idan ƙashinka ya fi shi faɗi, ƙasusuwan sai su zubo ta gefe, tsakiyar sirdin ta shige inda ka sani. Ina zargin abin da ya same ka ke nan, amma rula ce za ta raba gardama.

Bayan faɗi sai siffa, kuma a nan ne ba wanda zai iya yanke maka hukunci daga nesa. Akwai shimfiɗaɗɗe daga gaba zuwa baya, wanda ya dace da mai yawan motsi, yanzu yana gaba anjima yana baya. Fizik Arione shi ne sanannen misali. Akwai mai lotsawa a tsakiya da ɗagaggen baya, wanda ke riƙe mutum wuri guda, ya kuma fi yi wa mai taurin baya daɗi. Ka lura da kanka a fita ta gaba: mai zama daram ne kai ko mai mutsu-mutsu? Sannan ka dubi sirdin ta baya. Wanda ya yi tudu kamar bayan tukunya yana shiga tsakanin ƙasusuwa ya buɗa su. Ga mai sagewa, wanda samansa ya fi kwanciya ya fi.

Tun da sagewa ce matsalarka, nemi mai rami ko tsaga a tsakiya. Amma ka sa yatsa ka shafa bakin ramin kafin ka biya. Idan yana da kaifi ko tauri, nauyin da aka ɗauke daga tsakiya a kansa zai taru, ka gudu daga ciwo ɗaya ka faɗa biyu. Ramin kuma ya kai har gaba inda kake sunkuyawa. Ɗan ƙaramin rami can baya ado ne kawai. Kamfanin Selle SMP na Italiya ya kai wannan tunani ƙarshe, da tsaga daga baya har gaba da hanci mai lanƙwasa ƙasa kamar bakin shaho. Muni gare shi, amma na san waɗanda ba sa hawa komai sai shi, sai dai yana da wuyar saiti. Abin da nake fara ba mutum irinka shi ne mai gajeren hanci, irin wanda Specialized Power ya yayata tun 2015: tsawonsa kamar santimita 24 maimakon 27 ko 28, bayansa da faɗi, raminsa babba. Yanzu kusan kowane kamfani yana da irinsa. Idan ka sa shi kada ka auna daga hanci kamar tsohon, don zai ruɗe ka. Ka daidaita wurin da ya fi faɗi da inda na tsohon yake, ka kuma sake auna tsayi, tun da kaurin sirdi ba ɗaya ba ne.

Laushin da ake so shi ne wanda idan ka danna da babban yatsa zai ɗan shiga ya tsaya. Idan yatsan ya nutse har ka ji roba a ƙasa, ajiye shi.

Sirdin fata fa? Ina da rauni a kansa, in faɗi gaskiya. Kamfanin Brooks, wanda aka kafa a Birmingham a 1866, wanda kuma kamfanin Raleigh mai keken Rali ya taɓa saya a 1962, har yau yana yin sirdin B17, fata ce zalla a shimfiɗe a kan ƙarfe ba soso ko kaɗan. Sabonsa kamar katako yake, sai ka yi ɗaruruwan kilomita kafin ya ɗauki siffar ƙashinka, daga nan ya zama naka kai kaɗai, kamar takalmin fata da ya saba da ƙafa. A tafiyar Paris zuwa Brest da dawowa, kilomita 1,200 cikin awa 90, za ka ga irinsa da yawa, kuma waɗannan mutane ba ado suke yi ba. Sai dai faɗinsa santimita 17 da rabi ne, nauyinsa ya haura rabin kilo, ba ya son ruwan damina, kuma ya fi dacewa da wanda hannun kekensa yake daidai da sirdi. Ga mai sunkuyawa sosai da ke fama da sagewa, ba shi zan fara nunawa ba.

Kada tsada ta ruɗe ka. Kamfani yakan fitar da siffa ɗaya a farashi uku ko huɗu, bambancin kawai ƙarafan nan biyu na ƙasa: na ƙarfe, na titaniyom, ko na kabon. Abin da ƙarin kuɗin zai rage maka bai wuce giram 100 ba ko kusa da haka, kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya wata. Sayi mai ƙarfe. Na kabon ma ba zagayayye ba ne, milimita 7 da 9 ne, wani maɗaurin ba ya kama shi. Ka yi hattara da jabu masu ɗauke da manyan sunaye da ake tallatawa a intanet da kuɗin da bai kai na taya ba. Na taɓa ganin wanda ya karye a ƙarƙashin mutum a kan gargada. Na gwanjo na asali ya fi, in dai ka ɗora shi a tebur ka ga bai karkace ba, ƙarafan ba su lanƙwashe ba, tsakiyar ba ta zauna ba. Mafi kyau duka, tun da ƙungiya kuke fita, ku riƙa musanyar sirdi na mako guda. Ba abin da zagayen minti 5 a gaban shago zai gaya maka. Sirdi sai bayan awa 2 yake nuna halinsa, kuma ka ba shi fita 3 kafin ka yanke masa hukunci, sai fa idan ya sagar da kai tun a ta farko.

Ba ka faɗi abin da kake sawa ba. Idan wandon ƙwallo ne da bokza a ciki, to rabin zafin daga nan yake. Wandon keke mai soso a ciki, wanda ya kama jiki, shi ake sawa, kuma ba a sa komai a ƙarƙashinsa, don ɗinkin kamfai shi ke yanka fata. Wanda yake jin nauyin fita da matsattsen wando ya ɗora sakakke mara kaurin ɗinki a sama, da yawanmu haka muke yi. A zafin bazara, zufa da gishirinta da ƙura su ne ke buɗe ƙofar ƙuraje. Ka ɗan shafa man kaɗanya a inda ake guga kafin ka fita. Da ka dawo ka cire wandon nan take ka yi wanka, kada ka zauna shan shayi da hira a cikinsa, kuma kada ka maimaita shi ba wanki. Maruru a wannan wuri ba ƙaramin abu ba ne. Sean Kelly yana kan gaba a gasar zagayen Sifaniya ta 1987 ya janye saboda shi, Laurent Fignon kuma da irin wannan ciwo ya hau keke ranar da ya rasa Tour de France ta 1989 da daƙiƙa 8. Idan ya fito kada ka matse shi, ka huta kwana biyu. Idan ya kumbura da zafi ko zazzaɓi, ko kana da ciwon suga, asibiti.

Ka duba iskar tayarka ma. Mai faci yakan bunƙa ta har ta zama dutse, kowane rami a titi kuma ta sirdi yake isowa gare ka. Idan firam ɗinka zai ɗauki taya mai faɗin milimita 28 maimakon 23, sa ta, ka rage iska. Sannan duk minti 10 ko 15 ka miƙe a kan feda na daƙiƙa 20 ko 30, tun kafin ka ji komai, haka ma duk inda ka hango gargada.

Sagewar da ta wuce cikin 'yan mintoci bayan ka miƙe, gargaɗi ce ka gyara zama. Wadda ta kwana, ko ta zo da raunin gaba, ko wahalar fitsari, ko jini a fitsari, ka ajiye keken ka ga likitan mafitsara, ka gaya masa kai tsaye cewa keke kake hawa da kuma awa nawa. Za a sami mai ce maka basir ne ko sanyi, ya nuna maka mai jarka da lasifika a bakin tasha. Jijiyar da aka danne ba ruwanta da jiƙo.

Ka auna abu uku ka turo mini: tsakanin ɗigon nan biyu na kwali, faɗin sirdin da ke kan keken yanzu, da yawan santimitar da hannun keken ya yi ƙasa da sirdi. Idan da hali ka haɗa da hoton keken ta gefe, a tsaye a daɓe mai daidai.